Fenti da robar da aka ce suna kashe ƙwayoyin cuta: yadda suke aiki da hukuncin amfani da su a masallatai da gidajenmu

 

'Yan kwamitin wani masallaci a nan Moshi Zango sun zo mana da tambaya. Suna gyaran wurin alwala da makewayi da kuɗin da jama'a suka tara, sai mai sayar da kaya ya nuna musu fenti iri biyu, na yau da kullum da wani wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuɗinsa kuma ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Ya ce musu akwai azurfa a cikinsa. Suka ce tambayarsu uku ce. Shin da gaske yana aikin da aka ce? Shin ya halatta a shafa abin da ke da azurfa a wurin da ake ɗibar ruwa? Kuma idan an shafa, ya ɗauke wa jama'a wanke wurin?

Mun ga amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a ƙofar masallaci, domin kuɗin amana ne za a kashe, lafiyar mutane ce kuma a ciki. Ga shi irin wannan rubutu yanzu ya bazu a jikin butoci da bokitai da katakon yanka nama da tankunan ruwa da ake sayarwa a Kejetia da Adum. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Don haka za mu fara da sanin abin, sa'annan mu zo ga hukuncinsa.

Abin da ke zaune a jikin buta

Duk wanda ya taɓa zura yatsa cikin butar roba da ta daɗe a masallaci ya ji wani santsi a jikinta. Haka cikin randa, da ƙasan bokiti, da bangon tankin ruwa. Mukan ce gansakuka ce, ko yauƙin ruwa. Masana sun duba wannan santsi da madubin ƙara girma suka tarar gari ne guda na ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kusan 1,000 kafin su cika milimita ɗaya. Mutumin da ya fara ganinsu da ido shi ne Antoni fan Lewenhuk, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delf na ƙasar Holan, kuma a shekarar 1683 ya ba da labarin waɗanda ya gani a dattin haƙoransa.

Wasu daga cikinsu, idan suka sami danshi da ɗumi da abinci, kowace tana rabuwa biyu cikin minti 20. Da wannan lissafi ƙwaya ɗaya takan haura miliyan 2 cikin sa'a 7. Kumasi kuwa gari ne mai damina biyu da ɗumi duk shekara, wurin alwala kuma ba ya bushewa daga Asuba zuwa Isha.

Yadda suke kama wuri mataki-mataki ne. Da farko maiƙo da datti daga hannu da ruwa suna kwanciya a jikin abu, su yi shimfiɗa. Sai ƙwayar ta zo ta manne a kan shimfiɗar, mannewa mai rauni wadda ko kurkura za ta cire ta. Idan aka bar ta sai ta kafu, ta hayayyafa, ta fitar da wani yauƙi ta lulluɓe kanta da 'ya'yanta. Da zarar yauƙin nan ya ginu, magani ba ya ratsa shi da sauƙi, har gwaje-gwaje sun nuna ƙwayoyin da ke cikinsa suna jure maganin da ya ninka wanda ke kashe 'yan'uwansu masu yawo a ruwa sau ɗaruruwa. Irin wannan yauƙi ne yake taruwa a haƙori, shi ya sa kurkurar baki ba ta tsayawa matsayin asuwaki, domin sai an goge yake tashi.

Mafi yawan bakteriya ba sa cutar da mutum, wasu ma amfani suke yi mana a ciki da cikin ƙasar noma. Amma akwai masu kawo kwalara da taifot da atuni da ciwon da ke sa rauni ya yi ruwa. Ba mu manta da shekarar 2014 ba, lokacin da kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, ta kashe sama da 240, akasarinsu a yankin Ankara. A unguwanni irin namu, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, makewayi ɗaya, wani lokaci ma na haya ne na unguwa, kuma famfon ruwan Barekese da Owabi ba kullum yake zuwa ba sai an tara a jarka da tanki, hannu da mazubi su ne babbar hanyar da cuta take bi daga gida zuwa gida.

Mene ne folima?

Folima suna ne na duk wani abu da aka gina shi da ƙananan guntaye iri ɗaya da aka sarƙa su suka yi dogon zare, kamar yadda ake jera 'ya'yan carbi. Robar buta folima ce, leda folima ce, haka abin da ke riƙe fenti a jikin bango bayan ruwansa ya bushe. Akwai kuma waɗanda Allah Ya halitta a cikin tsirrai da dabbobi, irin su auduga da ƙaro da sitaci. Abin da ya sa masana suke son folima a wannan aiki shi ne ana iya sauya 'ya'yan carbin nan yadda ake so, a rataya wa zaren wani sinadari, a sa ya so ruwa ko ya ƙi shi, sa'annan a shafa shi siriri ƙwarai a kan ƙarfe ko roba ko gilashi ko yadi. Ƙwayar cuta fatar abu kawai take taɓawa, saboda haka idan aka gyara fatar an gyara wurin da ake yaƙin.

Hanyoyi uku da ake bi

Hanya ta farko ita ce hana ƙwayar mannewa. Akwai folimomi masu tsananin son ruwa, waɗanda idan an dasa zarurrukansu a jikin abu kamar gashin buroshi, sai su riƙe ruwa a tsakaninsu, ƙwayar ta zo ta rasa busasshen wurin da za ta kama. Akwai kuma akasin haka, wato fatar da ke ƙin ruwa gaba ɗaya. Ku dubi ganyen gwaza bayan ruwan sama, za ku ga ruwan ya dunƙule kamar duwatsun wuya yana gangarewa, yana tafiya da ƙura. Wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Wilhelm Bartlot, ya bayyana sirrin wannan a ganyen wani furen ruwa a shekarar 1997: ƙananan tudu ne da ido ba ya gani, an lulluɓe su da kakin da ganyen ke fitarwa. Haka kuma wani malami a Jami'ar Fulorida ta Amurka, Antoni Birenan, ya kwaikwayi zanen fatar kifin shak ya yi wata leda mai ƙananan layuka da ke wahalar da bakteriya wajen kafuwa. Wannan hanya ba ta kashe komai, korewa kawai take yi, kuma aibinta shi ne da zarar fatar ta karce ko maiƙo ya rufe ta, aikinta ya ragu.

Hanya ta biyu ita ce kashe ƙwayar idan ta taɓa. Fatar bakteriya tana ɗauke da cajin lantarki na ragi. Sai masana su ɗaura wa zaren folima wasu sinadarai masu cajin ƙari, daga dangin amoniyam, masu doguwar jela mai son maiƙo. Cajin yana janyo ƙwayar, jelar ta huda fatarta, abin da ke cikinta ya tsiyaye ta mutu. Akwai folima ta halitta mai irin wannan caji da ake kira kitosan, wadda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. A shekarar 2012 kuma wasu masana a Ostareliya sun gano cewa fukafukin wani ƙwaro da ake kira sikada cike yake da ƙananan tsinake da ke yaga bakteriyar da ta sauka a kai, ba tare da wani magani ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya kyautata halittar kowane abu. Matsalar wannan hanya ita ce gawarwakin ƙwayoyin da datti suna taruwa su binne makamin, na baya su zo su zauna a kan na farko lafiya lau. Sai an wanke sannan makamin ya sake fitowa.

Hanya ta uku ita ce wadda fentin da aka nuna wa 'yan kwamiti yake bi. Ana cuɗa folimar da wani abu mai kashe ƙwayoyi, kamar garin azurfa ko jan ƙarfe ko tutiya, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan idan danshi ya taɓa shi. Azurfar da ta narke tana shiga ƙwayar ta lalata sinadaran da take numfashi da hayayyafa da su. Likitoci sun daɗe da sanin wannan: tun cikin shekarun 1880 ake ɗiga ruwan azurfa a idon jarirai don kare su daga makanta, har yau kuma akwai man ƙuna da ake yi da ita. Jan ƙarfe ma haka yake. A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar jan ƙarfe da gaurayensa a matsayin abin da ke kashe kashi 99.9 cikin 100 na wasu bakteriya cikin sa'a 2, da sharaɗin ana tsaftace shi. Raunin wannan hanya a fili yake: abin da ke fita yana ƙarewa, kamar turaren da aka shafa a riga. Idan ya fita da sauri ya ƙare da wuri, yana iya kuma gurɓata ruwa. Idan ya fita a hankali ƙwarai, ƙarfinsa ba zai kai ya kashe ba.

Gwanintar masu ƙira tana wajen daidaita waɗannan abubuwa: shafin ya kama jikin abu kada ya ɓare, ya jure guga da sabulu da rana, ya kashe ƙwaya kada ya cutar da mutum, kuma kada tsadarsa ta hana a saya. Shi ya sa da yawa suke haɗa hanya biyu a shafi ɗaya.

Inda aka fi bukatarsa

Asalin wannan bincike don asibiti aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa a cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar, kusan 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe irin namu suna kamuwa da wata cuta a cikin asibitin. Robar fitsari da robar da ake sa wa a jijiya da ƙarfen da ake dasawa a ƙashi duk wurare ne da yauƙin nan yake son ginuwa, ba kuma a iya cire su kullum a wanke. Duk wanda ya yi jinyar ɗan'uwa a babban asibiti irin Komfo Anokye ya san yawan hannayen da ke taɓa ƙarfen gado da marikin ƙofa a yini ɗaya.

Ga kuma babbar musiba ta ƙwayoyin da suka daina jin magani. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a shekarar 2019 kai tsaye saboda wannan, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Muna da hannu a ciki, mu da muke sayen kafso a kanti mu sha biyu mu ajiye sauran. Duk cutar da aka tare tun a jikin mazubi, an rage bukatar shan irin wannan magani.

Abin da mai talla ba zai faɗa muku ba

Na farko, yawancin rubutun kashi 99.9 da kuke gani daga gwajin ɗakin bincike ya fito. A gwajin da aka fi amfani da shi ana zuba ƙwayoyin a kan sabon guntun abin mai tsabta, a rufe da leda, a ajiye cikin danshi da zafin digiri 35 har sa'a 24. Wurin alwalarmu kuwa mutum na taɓa kan famfo, na bayansa ya taɓa kafin minti ɗaya ya cika. Abin da ke bukatar sa'o'i bai kare na biyu daga na farko ba.

Na biyu, abin da ya yi aiki a ɗakin bincike ba dole ne ya rage cuta a jikin mutane ba. A shekarar 2012 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi wa dubban majinyata a asibitocin Birtaniya, aka tarar robar fitsari mai shafin azurfa ba ta rage ciwon mafitsara ba idan aka gwada ta da ta yau da kullum. A 2016 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarin tiraikulosan da wasu irinsa a sabulun wanke hannu na gida, domin kamfanonin sun kasa tabbatar da cewa ya fi sabulu da ruwa.

Na uku, abin da ke kashe bakteriya ba lalle ne ya kashe bairos ba, halittu ne daban. Sa'annan ba kowace cuta ce take bin mazubi ba. Kun tuna zamanin korona: a ranar 12 ga Maris 2020 aka sanar da masu cutar na farko a Gana, aka dakatar da jam'i da Juma'a, aka kulle Ankara da Kumasi daga 30 ga Maris har mako uku, ba a koma masallatai ba sai 5 ga Yuni. A lokacin an ruwaito cewa ƙwayar tana iya kai sa'a 72 a jikin roba, sa'a 4 kacal a jikin jan ƙarfe, aka duƙufa ga feshi da goge-goge. Daga baya ya bayyana cewa ta iska ta fi yaɗuwa. Tarin fuka ma ta iska yake bi, maganinsa a masallaci buɗe tagogi ne. Abin da ya fi amfanar mu a wancan lokaci wajen tsaftar hannu shi ne bokitin nan mai famfo da wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar nan, Veronica Bekoe, ta ƙirƙira, wanda kowane masallaci ya iya saya.

Abin da malamanmu suka riga suka faɗa

Wanda ya karanta babin tsarki da natsuwa zai ga magabata sun lura da fatar abubuwa tun kafin a ƙera madubin ƙara girma. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an lissafa abubuwan da ba sa karɓar tsarkakewa, a cikinsu har da tukunyar ƙasa da najasa mai ratsawa ta shige jikinta. Hanafawa kuma sun ce abu mai sulɓi wanda ba ya tsotsa, irin madubi da takobi, shafewa tana tsarkake shi. Bambancin da suka yi tsakanin mai tsotsa da mai sulɓi shi ne bambancin da masana suke yi yau. Darasin da ke ciki ga 'yan kwamiti shi ne, siminti tsirara mai ramuka da tsagewa shi ne gidan yauƙi, kuma duk abin da ya toshe ramukan ya mai da wurin mai sulɓi, ko tayil ko fenti mai jure ruwa, ya yi rabin aikin ko da babu azurfa a ciki.

Ya tabbata a Sahihaini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a rufe ƙore a ɗaure bakin salka da dare, ya hana yin numfashi a cikin mazubin sha, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma umurci wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa a mazubi sai ya wanke shi. Waɗannan duka tare hanya ce tsakanin hannu da baki da ruwa.

Sai dai a kula, tsarki na shari'a da kuɓuta daga ƙwayar cuta abu biyu ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwan da gansakukar da ta tsiro daga gare shi ta sauya shi yana nan mai tsarkakewa, alwala da shi ta inganta, alhali likita zai iya hana a sha shi. Haka kuma idan fitsari ya zuba a dandamalin da aka shafa wa fentin azurfa, ko da fentin ya kashe kowace ƙwaya da ke ciki, wurin yana nan da najasa sai an wanke da ruwa mai tsarkakewa. Wannan ita ce amsar tambaya ta uku: shafin bai ɗauke wanki ba, a shari'a da a likitance baki ɗaya.

Hukuncin azurfar da ke ciki

Hani ya tabbata a kan ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa, ga maza da mata, kuma jumhurun malamai sun haɗa da sauran amfani kamar alwala. Amma ya tabbata a Buhari daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ƙoƙon Annabi ya tsage aka ɗaure tsagar da azurfa. Daga nan malamai suka yi magana a kan mazubin da ba na azurfa ba ne amma an taɓa shi da ita. Shehu Halil ya ambaci zance biyu a mazhaba game da wanda aka yi wa ruwan azurfa ko zinariya. Shafi'awa suka sa ma'auni: idan ruwan da aka yi masa kaɗan ne, yadda ko an ƙona ba za a tara komai ba, ya halatta.

Azurfar da ke cikin fenti ko roba ba ta kai ko wannan ba. Gari ne ko gishirinta, ɗan mitsitsi, ya ɓace cikin folima, ido ba ya ganinsa, ba a iya tara shi, ba wanda zai kira butar da sunan butar azurfa, kuma babu ado ko alfahari ko karya zukatan talakawa a ciki, waɗanda malamai suka ambata cikin hikimomin hanin. Abin da muke gani, Allah Shi ne Mafi sani, amfani da shi halal ne. Jan ƙarfe da tagulla kuwa babu magana a kansu, domin ya tabbata a Buhari cewa Annabi ya yi alwala a mazubin tagulla. Kitosan ma mai tsarki ne, tun da dabbar ruwa halal ce a mazhabarmu, mushenta kuma mai tsarki ne.

Saura mas'ala biyu ƙanana. Idan sabon tanki ko sabon shafi ya sa wa ruwa ɗan wari, malamanmu sun yi rangwame a kan warin ƙaɗiran da ake shafa wa salkar matafiyi, ana iya kiyasta wannan a kansa matuƙar sauyin kaɗan ne. Idan launi ko ɗanɗano ya sauya a fili, a zubar a wanke har ya gushe. Sa'annan bangon da aka lulluɓe da fenti ba a taimama a kansa, domin hannu roba ya taɓa, bai taɓa jinsin ƙasa ba. Masu jinya su ajiye dutse kusa da majinyaci.

Shawararmu

Ga 'yan kwamitin da suka yi tambaya, da duk mai irin nauyinsu, kuɗin masallaci amana ne, a fara da mafi amfani. A gyara magudana don kada ruwa ya kwanta. A toshe tsagewa a sa tayil ko fenti mai jure ruwa. A raba butocin makewayi da na alwala, a bambanta launinsu. A ajiye sabulu a bakin makewayi. A sa wanda zai riƙa goge cikin butoci da buroshi a kife su su bushe a rana, wadda ta tsufa ta karce a sauya ta. A wanke tanki lokaci-lokaci a rufe bakinsa, randar sha kuma a sa mata famfo ko moɗa mai dogon hannu. Don goge dandamali da kan famfo, ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana zuba awo 1 a awo 49 na ruwa, bayan an fara wankewa da sabulu, kuma kada a kuskura a haɗa shi da wani maganin wanke masai, domin yana tayar da iska mai guba.

Idan an yi waɗannan kuɗi ya ragu, babu laifi a sayi fentin, ƙari ne a kan asali. A nemi shaidar Hukumar Ƙa'idojin Kaya ta Gana, a tambayi wane sinadari ne a ciki da tsawon lokacin da yake aiki da abin da ake wanke shi da shi. Kada a shafa fentin bango a cikin tankin ruwan sha, sai wanda aka yi musamman don haka. Idan kuwa kuɗin ba zai isa duka biyu ba, sabulu da buroshi da ladan mai wanki sun fi cancanta.

'Yan kasuwarmu su ji tsoron Allah. Annabi ya tsoma hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa a kan algus. Wanda ya ce wa uwa wannan kofi yana kare ɗanta daga gudawa, ta saki jiki ta rage wanki, alhali bai san gaskiyar abin da ya faɗa ba, yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Matasanmu masu karatun kimiyya a Jami'ar Kwame Nkrumah da sauran makarantu, wannan fage ne da al'umma ke bukatarku a ciki, kuma koyonsa farilla ce ta kifaya. Mafi yawan waɗannan shafe-shafe an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi da asibitoci masu kuɗi. Muna son wanda zai gwada su a butar Zango da jarkar Zango cikin damina, ya faɗa mana gaskiyar abin da ya gani, ya kuma nemo mai araha daga abin da ƙasar nan take da shi.

Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka a can, ya shawarci sahabbai ya juya da mutane, ya bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Cuta ba ta kama kowa sai da izinin Allah, Shi ne kuma Ya umurce mu da mu wanke hannu mu rufe mazubi.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare Zangonninmu da ƙasarmu daga annoba, Ya sa mu cikin masu yawan tuba da masu tsarkaka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.